Kujerar Da Doka Ta Keɓe Mana A Jami'a: Wa Zai Zauna A Kanta?

Jawabin baƙo mai jawabi a taron ƙungiya na shekara-shekara

Gabatarwa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya nufe mu da sake haɗuwa cikin rai da lafiya.

Mai girma shugaban taro, wakilan iyayenmu masu martaba sarakunan Anka da Gummi da Bukkuyum, malamanmu, dattawa, iyaye mata, da 'ya'yanmu da suka baro Gusau da Sakkwato da Kaduna da Kano da Abuja da Legas domin halartar wannan zama, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Shugabannin ƙungiya sun ɗora mana nauyin yin magana a kan rabon aiki a jami'o'in ƙasar nan: wa ake ɗauka, wa ake bari a baya, kuma ina matsayin mutanen yankinmu. Mu dai ba malaman jami'a ba ne. Alli da allo na firamare muka riƙe tun daga ranar da muka fito kwalejin horon malamai har ranar da muka ajiye aiki. Amma duk wanda ya zama farfesa ta hannun irinmu ya biyo, saboda haka muna ganin muna da abin cewa. Idan maganar ta yi ɗaci a wani wuri, a yi mana uzuri, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Asalin Maganar

Kukan da muke ji a bakin matasanmu ɗaya ne: an ɗauki ma'aikata a jami'a, babu namu ko ɗaya. Wannan kuka ya girmi mafi yawan waɗanda ke cikin wannan zaure. A shekarun 1950 marigayi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya tarar da ofisoshin Jihar Arewa cike da Turawa da mutanen Kudu, sai ya tsaya kai da fata a kan manufar sanya 'yan Arewa a aikin gwamnatin Arewa. Abin lura shi ne bai tsaya ga rabon kujeru ba. Ya tura yara karatu, ya buɗe kwasa-kwasan gaggawa, sannan a 1962 aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya domin a samu waɗanda za su cika guraben.

Bayan yaƙin basasa, shugabanni sun fahimci cewa ƙasa mai harsuna ɗaruruwa ba za ta zauna lafiya ba muddin wani ɓangare na ganin gwamnati ta wasu ce. A 1975 marigayi Janar Murtala Muhammed ya ɗora wa kwamitin rubuta tsarin mulki nauyin duba wannan batu, kuma tsarin mulkin 1979 ya shigar da shi. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya maimaita shi: kada 'yan wasu jihohi ƙalilan ko wata ƙabila su mamaye gwamnatin tarayya da hukumominta, haka kuma gwamnatin jiha da ta ƙaramar hukuma su lura da bambancin mutanen da ke ƙarƙashinsu. A 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, aka kafa Hukumar Raba Daidai ta Ƙasa, wadda kowace jiha ke da kwamishina a cikinta.

Abin Da Doka Ta Tanada

Ya kamata kowane ɗan wannan ƙungiya ya san haƙƙinsa da ƙa'idarsa, domin wanda bai san iyakar gonarsa ba, ba ya shari'a a kanta.

Na farko, ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai sun ce a manyan muƙaman ma'aikatun tarayya, 'yan kowace jiha kada su gaza kashi 2.5 cikin 100, kada kuma su wuce kashi 3. A ƙananan muƙamai kuwa, irin su masinja da direba da mai gadi da mai shara, aƙalla kashi 75 cikin 100 na mutanen yankin da ma'aikatar take ne. Ƙa'ida ce kuma a tallata guraben aiki a jaridun ƙasa aƙalla guda biyu, a bai wa masu nema mako shida.

Na biyu, wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na masu maki mafi yawa ne daga ko'ina, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma na jihohin da aka bari a baya wajen ilimin boko, Zamfara na cikinsu.

Na uku, dokar hana nuna wariya ga naƙasassu, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su bai wa masu buƙata ta musamman aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su iya shiga. Wa'adin ya cika a 2024.

Na huɗu, manufar ƙasa kan mata ta 2006 ta sa burin ba su kashi 35 cikin 100 na muƙamai, kuma a 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta aiwatar da hakan.

Jami'o'in ma sun matso kusa da mu. A da sai Zariya. A 1975 aka kafa ta Sakkwato, wadda ake kira Jami'ar Usmanu Danfodiyo a yau. A 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau, a 2018 kuma Jami'ar Jihar Zamfara a Talatar Mafara, maƙwabciyar Anka, a cikin mazaɓarmu ta ɗan majalisar dattawa. Ke nan ta fuskar takarda, rabonmu a ajiye yake.

Me Ya Sa Ya Dame Mu?

Wani zai ce ai maganar albashi ce kawai. Albashi na ciki, amma abin ya wuce nan. Malaman jami'a su ne ke zaɓen abin da za a bincika, kuma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Ba mu manta da 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta hallaka yara aƙalla 400 a ƙauyukanmu masu haƙar zinariya, irin su Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum. Iyaye na ta binne 'ya'yansu, ana zaton zazzaɓi ne ko sanƙarau, har sai da likitocin ƙungiyar MSF suka aika jini waje aka gano gaskiya. Masanan da suka auna ƙasa suka kankare ta daga Amurka suka zo, Bagega kuwa sai a 2013 aka tsabtace ta. Da a ce muna da 'ya'yan ƙauyukan nan a sassan ilimin ma'adinai da kimiyyar sinadarai da likitanci, waɗanda suka san cewa a tsakar gida ake daka dutsen da turmin da ake daka hatsi, da wataƙila an farga tun kafin maƙabartu su cika. Haka ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi a 2024: tana buƙatar injiniyan da ya san hanyar ruwan garin tun yana yaro. Jami'ar da ta haɗa mutane daga wurare daban-daban ta fi gani nesa, domin kowa na shigowa da tambayar da ke damun mutanensa.

Inda Gizo Ke Saƙar

Yanzu bari mu taka namu tudun kafin mu hango na wani. Doka na iya keɓe kujera, amma ba ta iya ƙera wanda zai zauna a kanta.

Ba a ɗaukar mutum koyarwa a jami'a sai ya fita da sakamako mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, kuma ba ya yin nisa sai da digiri na uku. Mu ƙirga tare kamar yadda muke yi a aji: shekara 6 a firamare, 6 a sakandare, 4 a digiri na farko, 1 a bautar ƙasa, 2 a digiri na biyu, 3 a na uku. Shekara 22 ke nan, idan babu yajin aiki, babu faɗuwa jarrabawa, babu rufe makaranta. Yaron da muka ƙi sanyawa aji ɗaya bana, kujerarsa ce za mu zo muna kuka a kanta bayan shekara 22. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A 2013 jaridu suka buga makin shiga makarantun sakandaren tarayya. Ɗan Anambra sai ya ci 139. Ɗan Zamfara maki 4 ya ishe shi, 'yar Zamfara kuwa 2. Wasu sun yi mana dariya, wasu daga cikinmu sun yi fushi da masu dariyar. Mu tsofaffin malamai kunya muka ji, domin mun san yaranmu ba daƙiƙai ba ne. Mun koyar da yaran da ke haddace littafi a mako guda. Abin da suka rasa shi ne malami a aji, da benci, da uban da zai leƙo ya tambayi hedimasta yadda ɗansa ke yi. A kan wannan kuma sai ga bala'in 'yan bindiga: an sace 'yan mata 279 a Jangebe a 2021, an rufe makarantun jihar a cikin wannan shekarar, a 2023 kuma aka ɗauke ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida. Kowace makarantar ƙauye da ta zama kango, wata kujera ce ta jami'a da muka yi asara tun ba a tallata ta ba.

Akwai kuma laifin da ke wuyan manyanmu. Takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ita ce makullin wannan rabo gaba ɗaya. Duk wanda ya sa hannu ya bai wa mutumin da bai san hanyar garinmu ba saboda abin goro, ya sayar da gadon marayu. A sama ma ba a tsira ba: a 2023 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya binciki zargin sayar da guraben aikin tarayya, har da ita kanta Hukumar Raba Daidai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada kuma mu ɗauka wannan tsari zai dawwama. Masu sukarsa na cewa yana danne cancanta, kuma duk lokacin da muka tura wanda bai iya ba saboda ɗan wane ne, mun ba su hujja. A Amurka an shafe shekaru ana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai domin a ɗaga baƙar fata, amma a 2023 Kotun Ƙolinsu ta haramta hakan, a 2025 kuma gwamnatinsu ta rufe ofisoshin da ke kula da irin wannan daidaito a ma'aikatunta. Abin da doka ta bayar, doka na iya karɓewa. Abin da ke cikin kan yaro kuwa babu kotun da ke ƙwace shi.

Adalci Daga Gida Yake Farawa

Muna zuwa Abuja mu ce an danne Zamfara. Muna zuwa Gusau mu ce an danne yammacin jiha. To, idan rabon ya iso Anka da Gummi da Bukkuyum, yaya muke yi da shi? Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: a cikin 'ya'yanmu da ke aiki a jami'o'i, nawa ne 'yan ƙauye, nawa ne 'yan cikin gari? Nawa ne 'ya'yan talakawa? Nawa ne daga rugagen Fulani? Nawa ne mata? Akwai makaho ko gurgu ko kurma ko ɗaya?

Maganar mata ta fi ci mana rai. A shekarun da muka yi muna riƙe da rajista, sau da yawa yarinya ce ke zuwa ta ɗaya daga aji ɗaya har aji biyar. A aji shida sai a kira suna a ji shiru. Mun san wata da babu yaron da ya taɓa kamo ta a lissafi, wadda aka cire ana saura wata uku jarrabawa. Yaron da ke bin bayanta a maki yau babban ma'aikaci ne a birni, ita kuwa har yanzu ita ke yi wa matan unguwarsu lissafin adashi da ka. Ba aure muke suka ba, domin aure da karatu ba kishiyoyi ba ne. Ƙasar nan ita ce ta Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta tura jajis ɗinta ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun kafin Bature ya zo. A zamaninmu Farfesa Grace Alele-Williams ta shugabanci Jami'ar Benin a 1985, Farfesa Fatima Batul Mukhtar kuma ta shugabanci Jami'ar Tarayya ta Dutse daga 2016. A Gusau akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta mata zalla. Ƙa'idar raba daidai ma ta ce matar aure tana nan da jiharta ta asali, wato 'yarmu da ke aure a Kano ko Kebbi a lissafin Zamfara take. Duk wanda ya hana 'yarsa karatu, ya rage wa garinsu rabo da hannunsa.

Haka naƙasassu. Tun 2017 hukumar JAMB ke shirya wa makafi jarrabawa ta musamman, kashi 5 ɗin nan kuma yana jiran su. Amma yaron da shan inna ya taɓa, idan muka miƙa masa ƙoƙon bara maimakon littafi, wa zai karɓi kasonsa?

Shiga kuma daban, zama daban. Ku da ke riƙe da ofisoshi a jami'o'i, idan an ɗauki mace aiki amma ana sa taron sashe bayan magariba, ko babu inda za ta ajiye jaririnta, an kore ta ne da dabara. Idan an ɗauki gurgu amma ofishinsa na hawa na uku babu hanyar keke, an yi masa izgili ne. Idan ana zaman majalisar sashe sai 'yan gari ɗaya su riƙa yanke magana a zauren wani tun da dare, sauran ma'aikata baƙi ne ko da sunayensu na cikin takardar albashi.

Haƙƙin Baƙo

Akwai wata magana da ta fara yawa, wadda ba mu so mu ji ta a bakin 'yan wannan ƙungiya: wai jami'ar da ke ƙasarmu tamu ce mu kaɗai, daga shugaba har mai gadi. Mu da muka yi karatu a zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, malamanmu sun haɗa da 'yan Ghana da Indiyawa da 'yan Pakistan da masu bautar ƙasa daga Kudu. Da an kore su, da babu mu. Shugaban farko na Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci, Bakano ne. A 1978 an tura Farfesa Umaru Shehu na Borno ya shugabanci jami'ar Nsukka, Farfesa Akinkugbe ya zo Zariya, Farfesa Ezeilo ya zo Jami'ar Bayero. Shugaban farko na Jami'ar Tarayya ta Gusau, Farfesa Ben Chuks Okeke, Ibo ne.

Wanda ya baro garinsu ya zo koyar da 'ya'yanmu a lokacin da hanyoyinmu ba su da aminci, godiya ya cancanta. Mu tuna kuma cewa mafi yawanku baƙi ne a inda kuke aiki. Mudun da muka auna wa baƙo a nan, da shi za a auna wa ɗanmu a Ibadan. Shi kansa ɗanmu, idan ya cancanta, babu iyakar da ke tare shi: Mai Martaba Sarkin Gummi, Mai Shari'a Lawal Hassan Gummi, ya riƙe muƙamin Babban Jojin Babban Birnin Tarayya kafin ya hau gadon sarauta.

Shawarwari

Domin kada taro ya watse da tafi kawai, ga abin da muke roƙon ƙungiya ta ɗauka.

Ɗaya, a buɗe rajistar duk 'yan ƙananan hukumomin nan uku masu digiri, da fanninsu da darajar sakamakonsu, gunduma-gunduma, maza da mata. Wanda zai je gaban kwamishinanmu na Hukumar Raba Daidai ya je da sunaye da takardu, domin kuka ba hujja ba ne.

Biyu, a naɗa mutum biyu ko uku masu bibiyar tallan guraben aiki a jaridu da intanet, su isar da shi ga kowa a rana ɗaya, ba ga 'yan gidansu kaɗai ba.

Uku, a kafa asusun tallafa wa masu digiri na biyu da na uku. Asusun TETFund na gwamnati sai wanda ya riga ya zama malami yake ɗauka, saboda haka tsakanin bautar ƙasa da samun aiki ne yaranmu ke zubewa. A ware rabin tallafin ga mata, a keɓe kaso ga naƙasassu da 'ya'yan ƙauyukan da aka tayar, a kuma bayar da shi bisa jarrabawa a bainar jama'a.

Huɗu, kowane ɗanmu da ke koyarwa a jami'a ya riƙi ɗalibi biyu, aƙalla ɗaya ba danginsa ba, ya nuna musu yadda ake bincike da rubutu har su tsaya da ƙafafunsu.

Biyar, kowane reshe na birni ya ɗauki makarantar firamare ɗaya a gida, ya san sunan hedimastanta, ya san yawan malamanta, ya kuma nemi lissafin 'yan matan da suka shiga aji ɗaya da waɗanda suka gama aji shida.

Shida, mu roƙi iyayenmu sarakuna da shugabannin ƙananan hukumomi su tsare takardar shaidar asali: kada a sayar wa wanda bai cancanta ba, kada kuma a hana wanda doka ta ba saboda harshensa ko addininsa ko talaucin ubansa.

Kammalawa

Jama'a, mu da muka riƙe alli rana ta yi mana yamma. Ba ma sa ran ganin ƙarshen shekara 22 ɗin da muka ƙirga ɗazu, amma da yawanku za ku gani in Allah Ya so. Muna roƙon sakataren ƙungiya ya rubuta waɗannan shawarwari shida, a karanta su a taron baɗi, a faɗi wadda aka yi da wadda aka bari, da sunan reshen da aka ɗora wa kowace.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya jiƙan yaranmu da manyanmu da muka rasa, Ya ƙara wa sarakunanmu lafiya, Ya yi wa zuriyarmu albarka maza da mata, Ya kuma mai da kowa gidansa lafiya.